ABIN DA SHIGA RUWA KE YI WA JININ JIKI

An rubuta wannan ɗan littafi domin mutanen da sana'arsu ko zamansu ya haɗa su da ruwa, watau masunta, da manoman shinkafa a fadama, da masu ɗibar yashi a kogi, da masu fito, da masu wanki a bakin rafi, da makiyaya masu ƙetarar da shanu, da iyayen yaran da ke wuni a kududdufi da damina. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa mutanen gidansa, har da mata, domin akwai maganar da ta shafe su.

Kowa ya san ruwa ya kan ci mutum. Amma akwai wani abu da ruwa ke yi wa jiki a ɓoye, ko da mutum gwanin iyo ne, ko da ruwan bai wuce ƙirjinsa ba. Mutumin da ya daɗe cikin ruwa ya kan fito da ruwan jikinsa ya ragu, kuma ba ya jin ƙishirwar da za ta gargaɗe shi. Wannan magana da ban mamaki, amma likitoci sun auna sun tabbatar. Ga yadda abin ya ke.

JINI DA RUWAN JIKI

Jikin ɗan Adam fiye da rabinsa ruwa ne. Idan aka raba nauyin babban namiji kashi 100, kimanin kashi 60 ruwa ne. Na mace ya ɗan gaza haka, na jariri kuwa ya fi haka. Yawancin ruwan nan yana cikin tsoka da sauran naman jiki. Kaɗan ne daga ciki ke yawo a jijiyoyi, cikin jini. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, watau galan guda da ɗan ɗori. Fiye da rabinsa ruwa-ruwa ne mai ɗan gishiri, sauran kuwa ƙwayoyi ne, su ne ke ba shi launin ja.

Zuciya ita ce famfon da ke tura jinin nan. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Sa'ad da mutum ke zaune yana hutawa, zuciyarsa ta kan tura kimanin lita 5 cikin minti guda. Ke nan dukan jininsa ya kan kewaya jiki ya komo cikin minti guda.

Ƙoda biyu da ke wajen kwiɓi ta baya, su ne masu tsaron ma'auni. A kwana guda su kan tace ruwa kimanin lita 180 daga cikin jini, kusan cikin durom guda ke nan. Amma kusan duka su kan mayar wa jini. Abin da su ke zubarwa ya zama fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba ga yawancin mutane. Idan ruwa ya yi yawa a jini, sai su ƙara zubarwa. Idan ya yi kaɗan, sai su tsuke.

To, ina ƙoda ta ke sanin ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan? Aike a ke yi mata. A bangon ɗakunan zuciya na sama akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu jin miƙewa. Idan jini mai yawa ya shigo, bangon ya miƙe, sai su ba da labari. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da wani sinadari, bari mu kira shi sinadarin riƙe ruwa. Muddin yana zuwa wa ƙoda, tana riƙe ruwa. Da ya ragu, sai ta saki.

JINI YANA DA NAUYI

Ku gwada wannan a gida. Mutum ya saki hannunsa ƙasa na ɗan lokaci, ya dubi bayan hannun. Zai ga jijiyoyi sun cika sun taso. Sai ya ɗaga hannun sama da kansa. Nan da nan za su kwanta, kamar babu su. Dalili kuwa jini yana da nauyi, yana gangarawa ƙasa kamar kowane ruwa, kuma jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya masu taushi ne, suna buɗewa suna tsukewa.

Haka ya ke ga ƙafafu. Da mutum ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye ya kan sauka ya taru a ƙafafunsa da ƙasan cikinsa. Jiki ya saba da wannan, kullum da shi ya ke lissafinsa. Shi ya sa mai wuni tsaye ya kan ga ƙafarsa ta ɗan kumbura da yamma, da safe kuwa ta saɓe.

MATSIN RUWA

Ruwa yana matsa duk abin da ya shiga cikinsa, kuma gwargwadon zurfi gwargwadon matsi. A zurfin mita 1, wuri mai faɗin tafin hannu ruwa yana danna shi da nauyin kimanin kilo 10. Mutum ba ya jin zafin haka, domin matsin ta ko'ina ya ke zuwa daidai wa daida. Wanda ke so ya gani da idonsa, ya sa hannunsa cikin leda ya tsoma a bokitin ruwa. Zai ga ledar ta manne wa hannun kam.

To, mutumin da ya tsaya cikin kogi har wuya, ƙafafunsa ne suka fi nisa a ƙasa, sabo da haka su suka fi shan matsi. Cinya ta bi, sa'an nan ciki. Ƙirji kuwa yana kusa da saman ruwa, matsinsa kaɗan ne. Ku tuna da salkar ruwa. Idan aka matse gindinta, ruwan sai ya hau wajen baki. Haka jinin da ya saba taruwa a ƙafafu da ciki ya ke yi, sai ya hau ya cika ƙirji.

A shekarar 1972 wasu likitoci a ƙasar Suwidin sun auna wannan a jikin mutane masu lafiya. Sun tarar jinin da ke ƙaruwa a ƙirji ya kai kimanin mililita 700, watau cikin kwalbar lemo biyu. Sun kuma tarar jinin da zuciya ke turawa cikin minti guda ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wannan duk mutum yana zaune ne kurum cikin ruwa, bai yi iyo ba, bai ja taru ba.

Ban da haka, matsin ya kan kori wani ruwa daga cikin naman ƙafafu ya mayar da shi cikin jijiyoyi. Sabo da haka a farkon shiga ruwa jini ya kan ɗan ƙaru, ya ɗan tsinke. Idan ruwan iyakarsa gwiwa, abin da ke faruwa kaɗan ne. Idan ya kai ƙugu, ya fi haka. Idan ya kai ƙirji ko wuya, to, ya cika.

YADDA JIKI KE RUƊEWA

Sa'ad da jinin nan ya cika ɗakunan zuciya na sama, bangonsu sai ya miƙe. Jijiyoyin da ke wurin ba su san mutum yana cikin kogi ba. Abin da suka sani kaɗai shi ne jini ya yi yawa. Sai su ba da labari, abubuwa huɗu su biyo baya.

Na ɗaya, sinadarin riƙe ruwa ya kan ragu, ƙoda ta saki ruwa.

Na biyu, zuciya da kanta ta kan fitar da wani sinadari nata, wanda ke sa ƙoda ta zubar da gishiri. Duk inda gishiri ya bi kuwa, ruwa na biye da shi.

Na uku, sinadaran da ke sa ƙoda ta adana gishiri su kan ja baya.

Na huɗu, ƙishirwa ta kan kwanta, domin jiki yana zaton a ƙoshe ya ke da ruwa.

An daɗe ana bin sawun wannan al'amari. A 1956 wasu masana biyu, Otto Gauer mutumin Jamus da James Henry, suna aiki a Amurka, suka nuna cewa idan aka miƙe ɗakin zuciya na sama a jikin kare, fitsarinsa ya kan ƙaru. A 1981 kuma Adolfo de Bold a ƙasar Kanada ya gano sinadarin nan da zuciya ke fitarwa.

Wannan shi ne dalilin abin da kowane masunci ya sani, watau da an ɗan jima cikin ruwa sai fitsari ya matsa, ana yi ana ƙarawa, fari tas kamar ruwa. Wasu suna cewa ruwan kogi ne ke ratsa fata ya shiga mafitsara. Ba haka ba ne. Fata ba ta barin ruwa ya wuce haka. Fitsarin nan daga jinin mutum ya fito, ruwan jikinsa ne ya ke zubarwa, har da gishirinsa. Ko yamutsewar da yatsu ke yi cikin ruwa ba alamar jiki ya sha ruwa ya ƙoshi ba ce, ƙananan jijiyoyin jini ne na yatsun suka tsuke.

BAYAN AN FITO

Muddin mutum na cikin ruwa, ba zai ga wata illa ba, gama ruwan yana tallafe da jijiyoyin ƙafafunsa. Fitowa ita ce wurin kula. Da ya taka tudu ya miƙe, matsin ya tafi gaba ɗaya, jini sai ya gangara ƙafafu kamar da. Amma yanzu jinin ya ragu, domin an zubar da wani abu daga ruwansa. Abin da ke komawa zuciya sai ya yi kaɗan, abin da ke isa ƙwaƙwalwa shi ma ya yi kaɗan.

Alamun haka su ne jiri, da duhun ido, da bugun zuciya da sauri, da kasala, da ciwon kai, da bushewar baki. Wani har ya kan yanke jiki ya faɗi. Faɗuwa a tsakar gida da sauƙi, amma faɗuwa a gaɓar kogi, ko a gefen kwale-kwale, ko da buhun yashi a ka, ta kan zama ajali. Sau da yawa a kan ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, alhali kuwa jini ne bai isa kansa ba.

Mai aikin ƙarfi cikin ruwa hasararsa biyu ce. Yana fitsari, kuma yana gumi, sai dai ba ya ganin gumin domin ruwa na wanke shi. Idan kuma ya fito cikin zafin rana ya ci gaba da aiki bai sha komai ba, ya ƙara wa kansa. Maganin wannan ba shi da tsada. Ruwa mai tsabta ne, da fura ko kunu ko koko, da abinci mai ɗan gishiri kamar yadda aka saba ci.

Masu azumi su lura da kyau. Shiga rafi da rana ya kan sanyaya jiki, amma ba ya mayar da ko ɗigon ruwa cikin jini. Tsoma jiki na ɗan lokaci ba laifi ga lafiya. Amma wanda ya jiƙa kansa har wuya awa guda ko biyu, zai fito da ƙarancin ruwa fiye da wanda ya zauna a inuwa ya yayyafa wa jikinsa ruwa. Mai sana'ar ruwa ya rage awoyin aikinsa cikin azumi in da hali, ya sha ruwa sosai da sahur da bayan buɗa baki.

RUWAN SANYI DA RUWAN ZAFI

Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin santigired. Ruwan da ba ya sa shi jin sanyi ko zafi idan yana zaune cikinsa, shi ne mai digiri 34 zuwa 35. Ruwan kogi da na tafki kusan kullum sun fi wannan sanyi, balle da hunturu. Kuma ruwa ya fi iska saurin janye ɗumin jiki nesa ba kusa ba.

Sanyi ya kan sa jijiyoyin jini na fata da na hannuwa da ƙafafu su tsuke, domin a tsare ɗumi a ciki. Wannan sai ya ƙara kora jini ƙirji, a kan wanda matsi ya riga ya kora. Sabo da haka fitsari ya fi yawa cikin ruwan sanyi, aikin zuciya kuma ya fi nauyi. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi farat ɗaya ya kan ja numfashi da ƙarfi ba da nufinsa ba, kuma idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. A riƙa shiga sannu a hankali.

Ruwan zafi kuwa akasin haka ya ke yi wa fata. Jijiyoyinta su kan buɗe, jini ya tafi can da yawa, gumi ya karyo, zuciya ta ƙara sauri. Wanda ya zauna cikin ruwan zafi ya miƙe zumbur, shi ma jiri ya kan ɗebe shi.

WAƊANDA ZA SU YI HATTARA

Zuciya mai lafiya ta kan karɓi ƙarin jinin nan ta tura shi ba wahala. Zuciya mai rauni ba ta iyawa. Jinin sai ya yi cunkoso a huhu, ruwa ya tsattsafo cikin wurin da iska ke shiga. Alamarsa ita ce haki mai tsanani, da tari, wani lokaci da kumfa mai ɗan ja-ja a baki. Wannan ya kan sami ko ƙaƙƙarfan mutum idan ya yi iyo mai wahala cikin ruwan sanyi, musamman idan yana da hawan jini, ko ya ɗirki ruwa fiye da kima kafin ya shiga. Duk wanda ya ji haka ya fito nan take, ya zauna a jingine, a rufe shi da mayafi, a kai shi asibiti.

Mutanen da bai kamata su shiga ruwa ya wuce ƙugunsu ba sai sun shawarci likita, su ne masu ciwon zuciya, da masu hawan jini wanda bai sauka ba, da masu ciwon ƙoda, da duk wanda ba ya iya kwanciya a miƙe sai ya tara matasai sabo da haki. Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu shan maganin da ke sa fitsari, su ne jiri ya fi saurin kamawa bayan fitowa. Wanda ke zawo ko amai ko zazzaɓi, ruwan jikinsa ya riga ya ragu, kada ya shiga sai ya warke. Mai farfaɗiya kada ya je ruwa shi kaɗai ko kusa. Giya kuma tana rage sinadarin riƙe ruwa, tana kuma gusar da hankali, ba ta haɗuwa da kogi.

MAI CIKI DA MAI JEGO

Jinin mai ciki ya kan ƙaru da kusan rabin yadda ya ke a da, domin ya ishe ta ita da abin da ke cikinta. Yawancin masu ciki ƙafarsu ta kan ɗan kumbura idan ciki ya tsufa. Zama cikin ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi ya kan rage irin wannan kumburi na ɗan lokaci, ta hanyar matsin da muka bayyana. Amma idan kumburin ya hau fuska da hannuwa, ko ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, to, ba na ruwa ba ne. A kai ta asibiti ran nan a auna jininta, domin ya kan zama mafarin jijjiga.

Bayan haihuwa, ƙarin ruwan nan ba ya tafiya rana ɗaya. Ƙoda ce ke zubar da shi sannu cikin makonnin farko, zuciya kuwa tana ɗauke da nauyinsa kafin nan. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun ga mata masu yawa da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Suka lura cewa wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa, suna ƙara wa zuciya kaya. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana riƙe ruwa a jini a daidai lokacin da jiki ke neman zubar da shi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai kuma, kamar hawan jini da rashin abinci mai gina jiki.

Sabo da haka, iyaye mata da ungozomomi, wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. A rage kanwa ƙwarai. Mai jego ta ci abinci mai kyau, ta tashi a hankali bayan wanka. Idan tana haki, ko tari da dare, ko ƙafafunta suna ƙara kumbura, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata zafin ruwa. Maigida ya kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

FITSARI CIKIN RUWA DA TSARGIYA

Tun da shiga ruwa yana kawo fitsari, yawancin mutane, yara da manya, a nan cikin ruwan su ke yi. Wannan ita ce hanyar da tsargiya ke yaɗuwa, watau fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa.

Tsutsar tana zaune cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, ƙwayayenta suna fita tare da fitsari. Idan suka faɗa ruwan tafki ko na fadama ko na hanyar ban ruwa, sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa. Bayan 'yan makonni su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Idan fitsarin ya zuba a busasshiyar ƙasa nesa da ruwa, ko a masai, ƙwayayen mutuwa su ke yi.

Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma idan aka bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda, tana rage jini. Akwai maganinta, sunansa farazikwantel, ana samunsa a asibiti, a kan kuma raba shi a makarantu. A koya wa yara su yi fitsari kafin su shiga ruwa, kuma idan ya matsa su suna ciki, su fito su yi nisa da gaɓa.

CETON WANDA YA DAƊE CIKIN RUWA

An ga ambaliya mai girma a ƙasar nan a 2012 da 2022, da kuma wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024. A irin wannan lokaci, da lokacin da kwale-kwale ya kife, mutane su kan yi awoyi cikin ruwa suna riƙe da reshe ko katako kafin taimako ya zo. Irin wannan mutum jininsa ya ragu, jikinsa ya yi sanyi, matsin ruwa ne kaɗai ke taimakon zuciyarsa. Idan aka fizgo shi a tsaye, jini zai zube ƙafafunsa gaba ɗaya. Likitocin sojan ruwa na Ingila sun bayyana a 1991 yadda mutane ke suma, wasu har su mutu, a daidai lokacin da a ke ceto su. Ga abin da za a yi:

A fito da shi a kwance in da hali, wani ya tallafi kafaɗu, wani ya tallafi cinyoyi. Amma idan kansa na nutsewa, a fito da shi ta kowace hanya da sauri, gama numfashi ne gaba da kome.

Kada a bar shi ya miƙe ko ya yi tafiya, ko da ya ce lafiyarsa lau. A kwantar da shi, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a rufe shi da busasshen bargo har kai, a bar fuska.

Kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a kai shi dab da wuta.

Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a danna cikinsa wai don a fitar da ruwa. Idan ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya ruga neman taimako.

Idan ya farfaɗo sarai yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Ruwan gishiri da sukari yana da kyau: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Sa'an nan a kai shi asibiti, ko da ya ga kamar ya warware.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

1. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin a shiga, kada a cika ciki fiye da kima.

2. A tafi da gorar ruwa mai tsabta a ajiye a gaɓa ko cikin jirgi. Kada a sha na kogin.

3. Mai aiki cikin ruwa ya riƙa fitowa kamar bayan kowace awa, ya huta, ya sha ruwa ko da bai ji ƙishirwa ba.

4. A fito sannu. A zauna a gaɓa na 'yan mintoci kafin a miƙe ko a ɗauki kaya.

5. Wanda ya ji jiri ya kwanta, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa idan ya dawo daidai.

6. Da yamma a duba fitsari. Idan kaɗan ne kuma ya yi duhu, jiki na neman ƙarin ruwa.

7. Kada a yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko a bakinsa.

8. Kada kowa ya shiga ruwa mai zurfi shi kaɗai, kuma kada a bar yara ba babba a kusa.

9. Haki, da tari mai kumfa, da ciwon ƙirji, da jini a fitsari, duk na asibiti ne.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa da limamai su bayyana wa jama'arsu waɗannan abubuwa, musamman gabannin damina da lokacin su. Wanda ke da tambaya ya je wurin ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa da shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.